Aljanar Riskuwa Ta Hau Kabu-kabu

Shekarar da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato, motocin da suka kwaso ma'aikata zuwa Birnin Kebbi sun kwaso har da Riskuwa, yana zaune a kan tulin fayil-fayil rungume da tafiretarsa. Aikinsa buga takardu ne a wani ofis da ko kujeru bai gama samu ba. Amma in ka zauna kusa da shi a teburin mai shayi, kafin ƙwai ya soyu zai sanar da kai cewa tafireta hanya ce kawai, shi marubuci ne, kuma sabuwar jiha ba ta cika jiha ba sai ta sami marubucinta. Shi kuwa ya riga ya sadaukar da kansa. Mu da ke wannan sana'a ta rubutu kada mu yi saurin dariya, duk da irin wannan ciwon muka fara, wasunmu ma har yau ba mu warke ba.

Abu ɗaya ne a rayuwar Riskuwa da babu ƙari a cikinsa, shi ne son da yake yi wa Laure, 'yar Malam Abdussamadu na Gwadangaji. Kowace Asabar bayan la'asar zai hau kabu-kabu, wato babur ɗin haya, ya sauka a zaurensu ya yi ta zuba har sai ta tuna masa magariba ta kawo jiki. Manya sun shiga maganar, an ce da an gama girbin shinkafa za a sa rana. Duk abin da ya taɓa rubuta mata a wasiƙa, da duk abin da idonsa ya gani na kamanninta da na gidansu, ya tattara ya buga a shafi casa'in, ya raɗa masa suna Zuciyata Na Gwadangaji. Ko sunanta bai sake ba.

Ya ɗauki littafin ya kai wa Maigandi, mai rumfar littattafan soyayya a kasuwa, wanda ke sarowa daga Kano ya sayar, ya kuma ba matan aure haya. Maigandi ya lashi yatsa ya buɗe shafi biyu uku, ya rufe.

"Malam Riskuwa, ina aljanin?"

"Wane aljani?"

"Na cikin littahin."

"Littahin soyayya na, Maigandi, ba na tsibbu ba."

"To ka makara." Ya nuna masa wani tuli a lungun rumfa da ɓera ya fara ci. "Ka ga waɗancan? Na ɗan talaka da ɗiyar mai hali na. Shekaran bara dambe aka yi a kansu. Bara anka koma 'yan makaranta masu ɓoye wasiƙa cikin littahin lissahi. Bana ko kyauta ba a amsa. Mata sun gaji da saurayin da ka zuwa bisa babur shina tari. Yanzu so suke a yi soyayya da wanda ka ratsa bango. Ko aljani shi so mutum, ko mutum shi so aljana, in ta ruwa ta ma ya hi daɗi. Kowace taz zo tambayarta guda: akwai na aljanu?"

Maganar babur ta sosa Riskuwa, don shi ma a kansa yake zuwa, kuma yana tari. Mai hankali kwashe takardunsa zai yi ya tafi gida. Riskuwa gyara hula ya yi.

"Aljanu? Ai da ka hwaɗi tun hwarko. Ni da aljanu tun Sakkwato muke gaisawa. Ba ni kwana ukku."

"Shahi casa'in cikin kwana ukku?"

"Guda ma na hutu na."

Da ya koma ɗaki ya dubi shafukan, sai yatsunsa suka tuna masa cewa wata shida suka yi suna bugawa. Nan wata dabara ta faɗo masa, irin wadda sai mai tafireta. Mai ɗab'in da ya sani a Sakkwato hoton shafi kawai yake ɗauka ya buga yadda ya same shi. To me zai sa a sake wahala? Ya sayo kwalba uku ta farin maganin nan da masu tafireta ke shafe kuskure da shi. Duk inda ya ga Laure sai ya shafe, ya hura ya bushe, ya buga Dalma a gurbin, sunan da ya zaɓa wa aljanar don shi ne ya shiga wurin daidai. Gwadangaji ta koma Cikin Gulbi. Ya ƙara shafi biyu a gaba, inda shi Riskuwa da kansa ya nutsa gaba bakwai a gulbin Argungu, Dalma ta kama hannunsa ta kai shi gidansu. A bangon littafin ya sa da manyan baƙaƙe: WANNAN LABARI GASKIYA NE, A KAINA YA FARU. Ya manna hotonsa a baya, ya tokare haɓa da biro.

A shafi na sittin maganin ya ƙare. Ya ɗiga ruwa a kwalbar ya girgiza, ya lallaɓa ya ƙara shafe shafi ɗaya. Sauran kuwa ya dube su ya ce wa kansa, duk wanda ya kai shafi na sittin soyayya ta riga ta rufe masa ido, ba zai tsaya duban suna ba. Ya naɗe ya aika Sakkwato a haka.

Littafin ya fito, kuma a faɗi gaskiya, ya karɓu. Rumfar Maigandi ta cika da masu aike. Riskuwa ya daina tafiya irin ta masu tafireta. Kafin ya fita da safe sai ya jiƙa kansa ya ɗora hula, ruwa na bin ƙeyarsa. Ya samo ɓawon giwan ruwa a wurin masu sayar da kifi ya sa a aljihu, in an cika a teburin mai shayi sai ya yi kamar yana neman hankici, ɓawon ya faɗo, ya yi maza ya ɗauke yana waige-waige.

A Gwadangaji kuwa akwai Adama, maƙwabciyar gidan Malam, wadda ta gama firamare kafin a yi mata aure. Ita ke karanta wa matan unguwa littafi bayan azahar, su kuma suna tsintar shinkafa a faifai. Ranar da aka kawo na Riskuwa, tsakar gidan ya cika har bakin rijiya.

Adama ta karanta yadda Dalma ta yi murmushi wushiryarta ta haskaka cikin gulbi. Mata suka yi ajiyar zuciya. Ta karanta zancen tabon da ke girarta ta hagu, wanda ta samu ranar da ta faɗo daga bishiyar mangwaro.

Wata ta ɗago kai daga faifai. "Akwai mangwaro ƙarƙashin ruwa?"

"Abin aljanu na, ke dai ki saurara."

Aka ci gaba. Mahaifin Dalma yana ba da karatu a zaure mai shuɗiyar ƙofa. Nan mata biyu suka ɗaga ido suka dubi katangar gidan Malam, suka mayar. Dalma ba ta ƙaunar ganin ƙadangare. Dalma ta iya damun fura da citta. Dalma ta tare kabu-kabu za ta dubo innarta a asibiti.

"Aljana da kabu-kabu?"

Idon Adama ya riga ya sauka a shafi na sittin da biyu. Ta karanta a hankali: "Na ce mata, Laure, duk ranar da ban gan ki ba, shayi ma ɗaci yake yi mini." Ta ajiye littafin a ƙasa, ta goge hannu a zane, ta yi a'uziyya.

Da mutanen Gwadangaji sun san farin maganin tafireta, da maganar ta mutu a nan. Ba su san shi ba. Abin da suka sani shi ne an rubuta a bango cewa labarin gaskiya ne, ga hoton mai shi, kuma ba a saba ganin ƙarya da baƙaƙen inji ba. Suka yanke cewa bawan Allah ya yi ƙoƙarin rufa mata asiri, gaskiya ce ta kubce masa a ƙarshe. Wata ta tuna ai Laure a Argungu ta tashi, gidan kawunta masunci. Wata ta ce ta taɓa ganinta cikin ruwan sama ba ta gudu. Kafin la'asar labari ya tsallake titi ya shiga gari.

Kashegari Kalilu mai shayi ya miƙa wa Riskuwa kofi, ya rage murya yadda kowa zai ji.

"Malam, tsakani da Allah, wai Dalma ita ta Laure?"

Wannan ita ce ƙofar da Allah ya buɗe masa. Kalma ɗaya ta isa, a'a. Amma ya ɗaga kai ya ga mutum goma sha sun daina tauna burodi suna jiran bakinsa, abin da bai taɓa samu ba tun da uwarsa ta haife shi. Ya kurɓi shayi, ya yi murmushi, ya dubi gabas.

"Kalilu, akwai abin da ba a hwaɗi ciki da taro."

Ya tashi ya tafi ofis yana jin ya yi wa littafinsa talla mai kyau.

Laure ce ta sha tallar. In ta je famfo sai layi ya dare mata, ido duk a ƙafarta ana neman kofato. Wata tsohuwa ta kawo mata farar kaza ta ajiye a bakin ɗaki ta koma da baya da baya. Ƙawayenta suka fara gaishe ta daga nesa. Ta yi kuka kwana biyu, a na uku ta daina fita. Ranar Laraba kuma manoma huɗu suka zo daga Augie a kan babura biyu, suka durƙusa a zauren Malam. Ya ɗauka addu'a suka zo nema, har ya ɗaga hannu. Babbansu ya ce a'a, alfarma suka zo roƙo wajen yarinya, ta yi wa danginta na ƙasa magana kada gulbi ya hau musu shinkafa bana.

Malam Abdussamadu mutum ne mai sanyi, ɗalibansa ba su taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ya sallami manoman da addu'a, ya aika a kira Riskuwa. Kafin ya iso, bakin zaure ya cika da masu wucewar da ba su wuce ba.

"Riskuwa, na karanta littahinka."

"Allah shi gafarta Malam, ai ba na manya ba na."

"Na lura. Tambaya guda gare ni. Gaskiya ta, ko ƙarya? In gaskiya ta, to ni aljani na, tunda ni nih haihe ta, kuma shekara sittin ba wanda yah hwaɗa mani. In ƙarya ta, ka ɓata sunan ɗiyata don a sayi takarda."

Zufa ta haɗu da ruwan da Riskuwa ya jiƙa kai da shi. Zuciyarsa ta ce masa faɗi gaskiya ka huta. Ya buɗe baki da niyyar faɗa, sai ya hango Kalilu a cikin masu leƙe, har da kofi a hannu. Harshen ya kauce.

"Malam, abin da yaf hwaru, aljanar ta ta ari kamannin Laure."

"Har da tabon gira?"

"Suna da kwaikwayo ƙwarai."

"Har da ƙohwar zaurena?"

"Sun ga ta yi kyau, Malam."

"Har da kabu-kabu?"

"Zamani ya kai musu."

Malam ya dube shi, irin kallon da yake yi wa ɗalibin da ya kawo hadda daga wata sura daban.

"Madalla. Kawunta Hodi shekara hamsin shina cikin gulbin Argungu, bai taɓa ganin ƙohwata a ƙasa ba. Asabar ka tahi ka nuna mashi. In ka nutsa ka hiddo ko da ludayin gidan, na yarda aljanarka daban, ɗiyata daban. In ka kasa, ka hwaɗi abin da kay yi gaban mutanen da kas sa suna duban ƙahwarta. Maganar sa rana kuwa na tsaida ta."

Kalmar ƙarshen nan ita ta shiga Riskuwa. Zai iya rasa komai ya yi barci, amma ban da Laure. Sai dai kafin ya kai bakin titi wani ya tambaye shi ko zai iya, ya ji bakinsa na cewa gaba bakwai ai wankan safe ne.

Ga gaskiyar da ba a buga da manyan baƙaƙe ba: ruwan da ya fi bokiti zurfi Riskuwa bai taɓa shiga ba. Da damina in kwata ta cika, zagaye yake yi ta bayan kasuwa. Gulbin Argungu kuwa ta tagar mota kawai ya san shi. Kwana biyun da suka rage ya yi su yana tsoma fuska a baho yana ƙirga, bai taɓa wuce tara ba.

Ranar Asabar tashar Argungu ta ga fasinjan da ba ta saba gani ba sai lokacin bikin kamun kifi. Gwadangaji ta tashi kusan duka. Manoman Augie sun dawo da ƙarin mutum shida. Maigandi ya zo da ɗaurin littattafai a ka, yana zagaya taro yana cewa a karanta kafin a gani. Laure na gefe da innarta da Adama, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, an bar mata fili kamar mai cutar da ake ɗauka.

Hodi tsoho ne gajere, rana ta gasa shi, kuma ba ya ɓarnar magana. Ya kai su wani wuri a bakin gulbi, ya ajiye gora, babbar ƙwaryar nan da masunta ke kifa ciki a kanta su yi iyo, ya ɗora homa biyu na kamun kifi a kai.

"Kai na mai nutso?"

"Ni na, Kawu."

"Bismilla."

Riskuwa ya dubi ruwan, ruwan ya yi masa faɗi fiye da yadda yake yi ta tagar mota. Ya yi gyaran murya.

"Kawu, an yi kuskuren rana. Aljanu ba su hita ranar Asabar."

Adama ta buɗe littafin daga inda take. "Shahi na tara: kowace Asabar bayan la'asar nake zuwa wurinta."

"To ai la'asar ba ta yi ba."

"Muna jira," in ji Hodi. Ya zauna ya ɓare goro.

Suka jira. Aka yi salla a bakin ruwa, Riskuwa ya daɗe a sujada fiye da kowa. Da aka sallame ya ce sai da farar riga ake shiga. Aka nuna masa wadda ke jikinsa. Ya ce taro ya yi yawa, Dalma na da kunya. Adama ta ce a shafi na arba'in ta yi waƙa a gidan biki. Ya ce ya ci albasa da rana, su kuma ba su son warinta. Ɗaya daga manoman Augie ya ce in da haka ne, da gulbi bai taɓa hawa gonarsa ba.

Dabara ta ƙare. Ya cire riga da hula da takalma ya ba Kalilu, ya naɗe wando, ya kifa ciki a kan gora kamar yadda ya ga ana yi a hoton kalanda. Hodi ya sa ƙafa ya tura shi.

Abin mamaki, gorar ta ɗauke shi. Taku biyar, taku goma, yana lilo a kan ruwa bai nutse ba. Da ya tsaya a haka, wataƙila da ya sami abin ba jikoki labari. Amma ya ji taro ya yi tsit, ya san shi ake kallo, sai ya saki hannu ɗaya ya ɗaga musu irin na manya.

Gorar ta juye.

Ya tafi ƙasa da baki buɗe, ya taso homa ɗaya a kansa kamar hula, ɗayar ta naɗe masa hannu. Ya sake komawa. Can ƙasa wani abu mai santsi ya shafi cinyarsa ya wuce, tarwaɗa ce da ke harkar gabanta. Riskuwa, wanda da hannunsa ya ƙera Dalma daga kwalba uku, a wannan lokaci ya yi imani da ita fiye da kowa a bakin gulbin.

"Dalma ki yi haƙuri! Ban san kina nan ba!"

Taro ya ja da baya. Mata suka waiga suka dubi Laure, suka ga tana tsaye a busasshiyar ƙasa ba ta motsa ba.

"Jama'a ku cece ni, ƙarya ta! Ban taɓa shiga ruwa ba! Wallahi ko kwata zagaye nikai!"

Nan Laure ta sauke mayafi daga fuska, ta ratso fili ta zo bakin ruwa. Ta cire silifas ɗinta ta ajiye gefe, ta taka laka da ƙafa biyu, ta juyo ga taron.

"Ku duba da kyau. Yatsu goma na. Wanda bai iya ƙirga ba shi matso."

Babu wanda ya matso. Tsohuwar nan mai farar kaza ta sunkuyar da kai.

"Laure," in ji Riskuwa tsakanin tari da shan ruwa, "ke kin iya ruwa, ki taimake ni."

"In nash shigo nih hiddo ka, gobe raguna za a kawo mani, ba kaji ba. Miƙe tsaye."

"Mutuwa nikai."

"Miƙe tsaye nic ce."

Ya miƙe. Ruwan ya tsaya masa a cinya. Taku kaɗan daga inda yake, wata saniya na tsaye a cikin ruwan tana sha, ta ɗago ta dube shi ta mayar da kai. Ashe Hodi wurin da mata ke wanke tukwane ya kawo su.

Hodi ya tofar da goro. "Gaba bakwai. Awon Sakkwato na?"

Dariyar da ta tashi har masunta na tsallake sun jiyo. Riskuwa ya yunƙura zai fito, tsohon ya tare shi da sanda.

"Tsaya nan. Inda kaz zuba dattin, nan za ka wanke shi."

Yana tsaye a cikin ruwa, homa a wuya, wando ya manne masa, ya faɗi komai. Ya faɗi littafin farko da sunansa, da abin da Maigandi ya ce game da kasuwa, da kwalba uku, da shafi na sittin inda maganin ya ƙare. Ya ce babu Dalma, ba a taɓa yin ta ba, ɓawon da ke aljihunsa ma a kasuwa ya tsinta. Kalilu ya laluba aljihun rigar ya ɗaga ɓawon sama kowa ya gani. Manoman Augie suka tambayi juna to wa zai yi wa gulbi magana, babbansu ya ce su koma wajen Malam su karɓi addu'ar da suka bari. Maigandi kuwa bai yi asara ba, littattafan kansa sun ƙare kafin Riskuwa ya gama bayani, don kowa na son ya je gida ya nemi kabu-kabun da idonsa.

Bayan kwana biyu Malam ya sake kiransa, wannan karon an kore masu leƙe. Ya ce sunan da aka ɓata na Laure ne, ita za ta yanke hukunci. Ta yi magana daga bayan ƙofar zaure, muryarta babu faɗa a ciki, abin da ya fi faɗan ciwo.

"Duban ƙahwa bai dame ni ba kamar abu guda. Maganar shayi mai ɗaci, ni kar rubuta ma ita. Tana cikin akwatina. Duk maganganun da nike ɗauka nawa na ni kaɗai, ka shahe sunana ka ba kihi, don wani ya ce haka ag ga kasuwa."

 Hawaye ya zubo wa Riskuwa, bai ma yi ƙoƙarin cewa ruwan gulbi ne ba.

"Ina takardun asali?" in ji Laure.

"Suna ɗaki, mai ɗab'i ya maido mani su."

"Ka kawo su. Ka sami reza ka kankare hwarin abin ga, wuri bayan wuri, har sunana shi hito yadda yake. In ka huda takarda, ka sake buga shahin daga hwarko. Ranar da kag gama ka miƙo mani su, ba na kasuwa ba na, nawa na. Sannan Baba shi sa rana."

Wuri ɗari huɗu da 'yan kai ne. Shafewa ta ɗauke shi kwana biyu, kankarewa kuwa sai wanda ya gwada. In ka danna, takarda ta huje. In ka sassauta, maganin ya ƙi tashi. Shafi uku na farko duk sai da ya sake buga su. Kullum in ya tashi daga ofis sai ya zo ya shimfiɗa tabarma a bakin shuɗiyar ƙofa, ya duƙufa da reza. Masu wucewa na yi masa sannu da nutso, yana amsawa. Sunan Gaba Bakwai ya bi shi har ofis, ya daina musu.

Ana tsakiyar girbi, ya kai shafi na hamsin da ɗaya, sai ga Maigandi ya sauka daga kabu-kabu yana haki.

"Malam Riskuwa, kasuwa ta juya. Aljanu sun kwanta. Tun ranar Argungu, duk littahin aljanin da nib ba mace sai ta ɗaga shi a rana tana neman inda anka shahe. Yanzu mutum da mutum suke so, na gaskiya, da babur da tarin duka. Daga Kano ma an aiko ana tambaya. Ina wancan naka na hwarko, na Gwadangaji? Kawo shi yadda yake, kada ka taɓa ko wasali. Hotonka gaba za mu sa, ba baya ba."

Hannun Riskuwa ya tafi ga hula da kansa. Ƙirji ya buɗe, baki ya fara haɗa kwana ukku. A bayan ƙofa, takun silifas da ke wucewa ya tsaya.

Ya dubi takardar da ke kan cinyarsa. Rabin sunan ya fito, rabi na ƙarƙashin farin. Ya sauke hannu daga hular.

"Ka makara, Maigandi. Littahin ga yana da mai shi."

Ya sunkuya ya sa bakin rezar a hankali, ya kankare, ya hure garin. Laure ta fito sarai, takardar ba ta huje ba.